Ɗigo Ɗari, Babu Gyara

A hannun Gwaggo na tashi, yayar mahaifina, kuma duk zaman da na yi a gidanta ban taɓa ganin gindin tukunyar kununta ba. Ba gero ne ya yi mata yawa ba, ruwa ne ba ya yanke mata. Za ta dama kunun mutanen gida, sai a yi sallama, ta ce a shigo, ta miƙa hannu baya ta ɗebo moɗa guda daga randa ta antaya. A sake sallama, ta sake antayawa. Kafin hantsi kunun nan ya zama abin da za ka leƙa ka gyara ɗaurin ɗankwali a ciki, amma dai ba a taɓa samun wanda ya fita daga gidan ya ce ba a ba shi ba. Da haka ta yi suna tun daga ƙauyenmu har bakin titin Malumfashi. Masu jin labari su ke yabo. Mu da muka sha kunun mun san abin da muka sha.

Kada a ɗauka Gwaggo muguwa ce. Mace ce da ta yarda har cikin ranta cewa Allah bai halicci abin da ruwa ba zai ƙara wa auki ba.

Ni kuwa da furfura a goshi na shiga aji. Sai da 'ya'yana suka kama gabansu na fara zuwa yaƙi da jahilci, da yamma, a firamaren garinmu, ina cusa jikina a bencin da aka yi don 'yan aji biyu. Mazan da ke zaman majalisa a bakin hanya in na wuce sai su ce, "A gaida mai girma gwamna." Ni kuma in ce, "Allah ya ba ku aikin yi." Karatu ya zo mini da ƙyar, amma lissafi kamar jirana yake, don na daɗe ina auna dawa da tiya ba wanda ya taɓa cuta ta. Da wata ƙungiya ta zo neman matan da suka iya karanta lamba don a koya musu yi wa kaji rigakafi, malamarmu ta ce in je.

Wanda bai zauna a ƙauye ba zai ce kaza ce fa. To masara ta maigida ce, auduga tasa ce, waken soya nasa ne. Kaza ita ce ta mace. Ita ce sabulu, ita ce barkar haihuwa, ita ce fita kunyar baƙo. Kuma kowace shekara bayan kaka akwai ciwon da ke shigo musu. Kaza ta takure, ta saki fukafukai, kashinta ya koma kore, wuyanta ya murɗe tana kallon sama kamar mai neman watan azumi. In ya shiga gida ba ya barin ko mai cara. Mun ba su barkono, mun ba su toka, mun fasa kafso a ruwan shansu, suna dai mutuwa da ɗacin baki.

A Funtua aka koyar da mu. Malamin dabbobin ɗan siriri ne, na haife shi, yana ce mana "iyayena" kamar mai neman a yafe masa laifi. Ya buɗe kula mai ƙanƙara ya fito da wata 'yar kwalba da ba ta kai ɗan yatsana ba, bakinta a toshe da roba. A gindinta akwai ɗan abu fari, busasshe, kamar ɓallin alli. Ya ce na kaji ɗari ne.

Na ce, "Malam, wannan ko zakara ɗaya ba zai san ya ci wani abu ba."

Aka yi dariya, shi bai yi ba. Ya ce abin mai rai ne, dangin ciwon ne amma marar ƙarfi, an daskarar da shi an zuƙe ruwan jikinsa don ya yi barci. In aka mayar masa da ruwa sai ya farka, in ya farka kuma ba ya daɗewa, don haka a gama da shi kafin rana ta yi zafi. Ba kowane ruwa ba, ruwansa daban ake bayarwa a wata kwalba. Ya zuƙo da sirinji, ya soka allura a robar, sai ga kwalbar tana janye ruwan da kanta kamar mai ƙishi. Ya ce a bar shi ya bi gefen kwalba a hankali, kuma kada a girgiza kamar ana kaɗa nono, a murza ta tsakanin tafin hannu har allin ya narke. Daga nan a juye a robar ɗigawa, irin ta maganin ido. Kaza ɗaya, ɗigo ɗaya, a ido ɗaya, a jira ta ƙifta.

Sai lissafin. Ya sa kowace ta zuba ruwa mil ɗaya a robarta, wato daga layi zuwa layi a jikin sirinji, ta ƙirga ɗigo nawa zai fita. Tawa ta ba da ashirin da biyar. Ya ce, "To Mama, kaji ɗari, ɗigo ɗari. Mil nawa za ki zuba?" Na ce huɗu, tun bai rufe baki ba. Wata daga wajen Dandume bakin robarta ya fi faɗi, ashirin take ɗigarwa, ita sai ta zuba biyar. Ta ce an fifita ta, nata ya fi yawa. Malam ya dafe kai.

"Iyayena, ku saurara. Abin da ke cikin kwalbar nan rabon kaji ɗari ne, ko kin zuba cokali ko kin zuba tulu. Shi ruwan nan mota ce kawai. In fasinja ɗari ne a tasha, kika kawo motoci ninki biyu, fasinja ba su ƙaru ba, kowace mota dai za ta tashi rabi. In kin ninka ruwa, kowace kaza rabin rabonta za ta samu. Kin sake ninkawa, kin wanke mata ido ne kawai."

Na tuna da tukunyar Gwaggo na ƙyalƙyale da dariya ni kaɗai. Tsoro ya kamata in ji.

A gidanta aka yi na farko. Tsakar gidanta ne mafi faɗi a unguwa, ga inuwar mangwaro, ga shi kuma da na kai wani gida da har yau ba ta amsa gaisuwata ba. Na bi gida-gida na ƙirga kajin unguwarmu, suka kama tamanin da 'yan kai, na ce kowa ta bar nata a akurki kada a sake su da safe. Rana ba ta gama fitowa ba na zauna a kan turmi da kulata, na haɗa magani yadda aka koya mini. Gwaggo na tsaye a kaina, hannu a ƙugu.

"Shi ke nan ruwan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Ke ɗiyar nan, ko kwallin ido ai ya fi wannan. Tun daga Funtua kika ɗauko wannan ɗan hawayen?"

Aka fara. Kaji na kuka, mata sun fi su. Wata ta miƙo mini kazarta na ɗiga, ta juya ta ta miƙo ɗaya idon. Na ce an gama. Ta ce, "To shi wannan idon laifin me ya yi?" Na ce ɗaya ya isa. Ta ce, "Ko gyara babu? Mai gishiri ma yana gyara." Na ce babu gyara. Ta juya ta ce wa na bayanta, "Kun ji likitar kaji. Gwamnati ta bayar, ita ta hana." Tun daga ranar sunan ya bi ni, shi da wani da ake faɗa in na ba da baya, wato marowaciya.

Muna gab da gamawa sai na ji hayaniya a ƙofar gida. Matan unguwar tudu ne, ta hayin rafi, inda Maguzawa suke da 'yan uwansu da suka shiga coci. Tun kakanni muke tare da su, su kawo mana shinkafar Kirsimeti, mu kai musu naman layya. Ga su nan a jere, kwanduna a ka, kaji a ɗaure ƙafa-ƙafa, zanensu a jiƙe da raɓa. A gabansu wata tsohuwa ce doguwa, ƙawar Gwaggo tun suna 'yan mata, ba sa kiran juna sai da "ƙawa". Ita kaɗai ta zo da kaji sun fi goma, har da wata jar kaza mai ƙiba da take riƙe da ita a ƙirji kamar jika.

Ashe Gwaggo ce ta aika musu, wai ana rabon magani a gidanta, kowa ya zo. Ba ta gaya mini ba. Don me za ta gaya mini? Ita a saninta ba a shawara da tukunya kafin a gayyaci baƙo.

Na ɗaga roba na duba a haske. Abin da ya rage bai kai mil ɗaya ba, ɗigo ashirin in an yi sa'a. Kajin da ke ƙofar gida sun haura sittin.

Na gaishe su, na ce, "Iya, ku yi haƙuri. Na kaji ashirin ya rage. Sauran zan samo wata kwalba in biyo ku har gida."

Gwaggo ta jawo ni gefe, ta yi ƙasa da murya, irin ƙasan da ake ji har zaure. "Kin haukace? Mutane sun tsallako rafi da kaya a ka, sun shigo gidana, ki ce musu ya ƙare?"

"Ai ya ƙare ne, Gwaggo."

"A gidan nan ba a faɗin wannan kalmar."

Daidai nan wani zakara da aka bari a cinyata ya ga dama ya yi mini aika-aika a zane. Na sa robar a kula na rufe, na zaga bayan ɗaki in wanke. Sabulu ya ɓata, na tsaya nema. Da na dawo sai na tarar Gwaggo zaune a kan turmina, robata a hannunta cike har wuya, ga cokalin shayi a cikin moɗa kusa da ƙafarta. Tana ɗigawa tana bismillah, ido biyu-biyu, mai ƙiba ma har da na baki.

Na san akwai yadda ɗiya mai tarbiyya take yi a irin wannan wuri. Ta matso ta raɗa, ko ta yi shiru ta bari a watse. Ni ba a yi ni da wannan ƙasar ba. Na ce, da muryar da nake kiran awaki, "Gwaggo, ruwan randa ne wannan! Ruwan randa kike zuba musu a ido!"

 Gwaggo ta ɗago ta dube ni tun daga ƙafa.

"Da maganin a ciki."

"Rabon kaza ashirin kin raba wa ido ɗari da wani abu. Ko kashi ɗaya cikin biyar kowane ido bai samu ba, in ma ruwan randar bai kashe shi ba. Ba ni robar."

Ta dunƙule ta a hannu. "Ta ubanki ce? In ma ta ubanki ce, ni na goye shi. Da wannan ruwan randar na raine ki, ga ki nan kin yi ƙatuwar murya. Fita mini daga gida, likitar kaji."

Ba a kokawa da gwaggo a gaban mutane. Na ɗauki kulata na fita. Daga baya aka ba ni labari cewa ta sake cika robar har sau biyu, ta yi wa zabi, ta yi wa agwagwa, wani ma ya kawo tantabaru. Kowa ya koma gida yana sa mata albarka. Abin da na faɗa kuwa an ji, amma an ɗauke shi a rowar 'yan boko.

Ba a jima ba maigidana ya dawo daga kasuwar Bakori ya ce kaji sun yi arha kamar za a ba ka kyauta. Duk mai kiwo ta san ma'anar wannan. Ciwo ya shiga wani gari, ana kakkaɓe marasa lafiya a kasuwa, masu son banza kuma suna saye suna kai wa nasu. Kajin unguwarmu na san an yi musu. Na tudu ne a fili, kuma masu su na can hankali kwance.

Na koma Funtua na karɓo sabuwar kwalba, na hau acaɓa har bakin rafi, na ƙarasa da ƙafa. Allah ya taimake ni ban haɗa ta da ruwa ba tukuna. Tsohuwar ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo mini ruwa a sabuwar ƙwarya, ta tambayi maigida da yara ɗaya bayan ɗaya. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ta yi murmushi.

"Sannu da ƙoƙari, ɗiyata. Ai an yi mana."

"Iya, wancan bai yi ba."

"Ƙawata ta yi mana da hannunta, ido biyu-biyu. Ku a can ma ɗaya-ɗaya kuka samu."

Na yi bayanin mota da fasinja. Na zana layin sirinji a ƙasa da tsinke. Matan da suka taru suna gyaɗa kai suna cewa ikon Allah, kamar ina ba su labarin Makka. Wata ta ce ta ji magani a kan magani yana kashe kaza. Jar kazar nan tana yawo a gabana tana tonon ƙasa. Tsohuwar ta raka ni har bakin rafi ta ba ni gyaɗa a leda. Na tafi da kwalbata a bushe, na roƙi mai shagon da ke da firjin sola ya ajiye mini.

A hanya ne na gane girman ɓarnar. Da Gwaggo ta sallame su hannu wofi, da yau suna rububin kulata. Ruwan da ta ba su ya rufe ƙofar maganin gaske, kuma mabuɗin yana bakinta.

Na yi 'yan kwanaki ina cika ina batsewa, ina cewa ni ba zan je ba, ita ta yi ɓarna ita za ta neme ni. Gwaggo kuwa ba ta taɓa neman kowa ba sai da abinci. Da na ji an ce kaji sun fara zubewa a wani ƙauye da ke gaba da tudu kaɗan, na yafa mayafi na tafi. Na same ta tana tankaɗe. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta, ta amsa wa rariya.

"Gwaggo, na yi kuskure da na ɗaga miki murya."

"Au, muryar ce kawai?"

"Ita kaɗai. Maganar tana nan."

Ta ajiye rariya. "Ke, in tambaye ki. Shekarun da na yi ina tsinka kunu, wa ya taɓa mutuwa?"

"Ba wanda ya mutu. Amma wanda ya sha kununki cikinsa yana gaya masa gaskiya, yana fita zai nemi rogo ya cika. Kaza ba ta san ruwa ta sha ba. Mai kazar ma ba ta sani ba. Na kai musu na gaske har gida sun ce sun ƙoshi."

Ta kaɗe garin hannunta. Can ta ce, "To so kike in tsallaka rafi da tsufana, in ce wa ƙawata ruwa na ba ta? Matar da ta kwana a ɗakina ranar da na binne ɗana?"

"Ki faɗa mata duk abin da kika ga dama, Gwaggo, in dai za su kulle kajin."

"Tashi ki ba ni wuri. Kin tsaya mini a haske."

Na tafi ban san ko na ci ko na faɗi ba. Washegari da sassafe sai ga sallama a ƙofata. Gwaggo ce, da mayafinta na zuwa biki da takalmin da ba ta sawa sai Sallah. Ta ce, "Kina nan kina barci, likita? Tun jiya na aika a kulle kaji. Ɗauko hawayen naki."

A tudu an taru a ƙofar tsohuwar, kwanduna a jere. Gwaggo ba ta bar ni na buɗe baki ba. Ta zauna a kujerar da aka kawo mata, ta gyara mayafi, ta ce, "Ƙawa, in kin yi baƙo me kike fara ba shi?"

"Ruwa mana."

"To shi na ba kajinku rannan, sun sha hanya. Yau aka sauke tuwon. Wannan yarinyar ce ba ta iya bayani ba, boko ya ba ta lissafi ya karɓe ladabi."

Ni da jikoki nake yarinya. Na haɗiye.

Tsohuwar ta daɗe tana kallon Gwaggo, sai kafaɗunta suka fara rawa. Ta ce, "Ƙawa, ai na ga alama. Na ga 'yar roba tana haihuwa a hannunki. Ni da na sha kununki tun ina da haƙora?"

Na ce, "Iya! Kin sani, kika mayar da ni?"

Ta juyo ta dube ni, dariyar ta tafi. "Kin tsaya a tsakar gidanta kin kunyata ta a gabanmu. In na karɓi naki a bayan idonta, na ce kin yi daidai ke nan. Kaza ai ana sake wata."

 Na ƙirga kaji, na zauna a inuwa, na zuƙo mil huɗu na ba kwalba ta sha, na murza. Gwaggo ce mai riƙe kaji. Ta iya kuwa, takan danne fukafukai da hammata ta buɗe ido da babban yatsa, tana yi wa kowace kaza faɗa. Robar ban sake ta ba ko da zan soshe hanci.

Muka gama, saura kusan ɗigo talatin. Na ce a kawo mini garwashi in zubar a ciki, don ba ya kwana. Gwaggo ta dafe ƙirji. "Rannan rowa, yau almubazzaranci! Ke wace irin halitta ce?" Ta tattare zane ta shiga gida-gida tana kwaso zabi da 'yan tsakin da aka ɓoye wai sun yi ƙanƙanta, har ta tare wani mai keke da zakara a bayansa ta sa shi ya sauka. Sai da robar ta bushe ƙaf ta zauna tana haki. Wannan karon ko kallon randa ba ta yi ba, ko da yake na lura ta san inda take.

Malam ya gaya mana rigakafi ba ya kama jiki ranar da aka yi shi, yana son lokaci. Lokacin kuwa mun cinye shi, ni ina fushi, Gwaggo tana fushi, tsohuwa tana kara. Ciwon ya shigo tudu ta gidan farko daga bakin hanya, kuma gidan tsohuwar ne. Kajinta fiye da rabi suka tafi, har da jar. Gidajen ciki, da ciwon bai kai gare su da wuri ba, yawancin nasu sun tsira. A unguwarmu kaza biyu ko uku aka rasa, mu da muka saba share akurki da tsintsiya kowace shekara.

Gwaggo ta ji labari. Ta kama sagarunta biyu mafi kyau, cikin waɗanda na ɗiga wa da hannuna, ta ɗaure su ta tsallaka rafi ita kaɗai. Ban san abin da suka ce wa juna ba, ban kuma tambaya ba.

Abin da gari ya ce dai na sani, don a bakin rijiya aka yanke hukunci. Kajin da suka rayu, albarkar hannun Gwaggo ce, ita da ta yi musu ido biyu-biyu. Waɗanda suka mutu kuwa, ai dama an faɗa, magani a kan magani, likitar kaji ce ta matsa. Wata har ta tare ni ta ce in riƙa jin tsoron Allah. Na ce mata ina ji, shi ya sa ba na zuba wa kazarta ruwa in ce magani ne. Ta ce Allah ya shirye ni, amma da lokacin rigakafi ya zagayo ita ce ta biyu a layi.

Har yanzu a gidan Gwaggo ake yi. Na daina faɗa mata kada ta gayyato mutane, don hana ta gayya daidai yake da hana ta numfashi. Abin da nake yi, in na ƙirga kaji ɗari sai in tafi da kwalba biyu, ɗaya a haɗe, ɗaya a bushe tana barci a cikin ƙanƙara, tana jiran baƙin da ba a gaya mini ba. Robar kuwa na ɗaura mata zare na rataya a wuya, tana cikin rigata, da ita nake zagawa bayan ɗaki.

Kuma duk lokacin da na zuƙo ruwa na tsaya a layi na huɗu, sai Gwaggo ta leƙo ta kafaɗata, da kaza a hammata, ta ce, "Ɗan ƙara kaɗan mana. Layi ɗaya ai ba zai kashe kowa ba."

In ce, "Riƙe kazar, Gwaggo."